Filin Taron da Ya Cinye Tafiyar Maigidana

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai son a yabe ta. Idan aka ce Anti ta iya karɓar baƙi, ranar nan ko abinci ban ci ba na ƙoshi. A zangon Kumasi aka haife ni, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda ba a rufe ƙofa kuma ba a dafa tukunyar mutum ɗaya. Ruwan wanki, ruwan wanke-wanke, man da aka gama suya da shi, duk a kwata muke zubawa, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi inda suke tafiya ba. Da wannan tarbiyya na zo Greensboro ta ƙasar Amurka. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, maigidana kuma direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya kafin ya dawo. Mutum ne mai shiru, ni kuma bakina ba ya hutawa, har mutane na cewa ni na kwashe rabonsa na magana.

Shekarun da muka yi a ɗakin haya a East Greensboro sun ƙuntata min. Baƙi biyar suka shigo sai maƙwabci ya buga bango, ka soya kifi a ce wari. Don haka da Allah ya hore mana muka sayi gida a McLeansville, mai faffaɗan fili a baya, sai na ji kamar an kwance ni daga turke. Shi maigida burinsa daban ne. Mahaifiyarsa tana Kumasi, ta tsufa, idonta ya fara rauni, kuma ya daɗe ƙwarai rabonsa da ita. Kullum saƙonta ɗaya ne a waya, tana so ta shafa fuskarsa kafin ganin nata ya tafi gaba ɗaya. Da muka gama da sayen gida sai ya fara ajiye abin tafiya, ya kuma yi mata alkawarin zai zo bayan Babbar Sallah. Na san da wannan alkawari, a gabana aka yi shi.

Gidan ba ya haɗe da bututun ƙazanta na gari. Sokawe ne da shi, wanda a nan ake kira septik. Ranar da aka ba mu makulli an yi mana bayani, cewa duk ruwan da ya fita daga bayi da kicin yana taruwa a wani tanki a ƙarƙashin ƙasa, daga nan ya bi wasu bututai masu huji da aka shimfiɗa a ƙarƙashin filin baya, ƙasa ta shanye shi a hankali. Aka ce kada a ɗora mota a wurin, kada a zuba mai ko kitse a wurin wanke-wanke, kuma a riƙa kiran masu kwashewa lokaci-lokaci. Maigida ya saurara da kyau, ya kuma maimaita min kafin ya koma hanya. Na ce masa to. Amma a raina lissafin tabarmi nawa filin zai ɗauka nake yi.

Ba a jima ba gidana ya zama gidan kowa. Suna, walima, addu'ar arba'in, taron matan zango na ƙarshen wata, duk a wurina. Ƴan uwanmu na Nijar ma suka gano hanya, ga su da zumunci, mace ɗaya ka gayyata sai ta zo da mota cike. Titin gabanmu siriri ne, ba wurin ajiye motoci, don haka da kaina nake tsayawa ina nuna musu su zagaya baya su faka a kan ciyawa. Mu dafa wake da shinkafa a manyan tukwane, mu tuƙa tuwon zafi, mu soya shito, yajin nan namu na Gana mai shan mai, a wanke komai a kicin, mai da kitse su bi rariya. Mutum talatin su yi alwala, su shiga bayi, a gidan da aka gina don iyali ɗaya. Idan maigida ya dawo ya ga sawun taya a filin ya yi magana, sai na ce masa baƙonka annabinka, ko so yake a ce matarsa ta kori jama'a saboda ciyawa? Sai ya bar maganar, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, haifaffiyar nan ce, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Wata rana da hantsi ta tako har bakin shingenmu, ta ce min wurin da motocin nan suke tsayawa a kan bututan yake, kuma ƙasar yankin jar laka ce, idan ta danne ba ta ƙara shan ruwa. Ta nuna min inda ciyawa ta fi ko'ina kore da tsawo, ta ce wannan ba alamar lafiya ba ce. Edita, na yi mata godiya da baki, amma da ta juya sai na ce wa ƙawayena tsohuwa ta gaji da ganin ɗankwali da jin hayaniyarmu ne. Koren ciyawar nan kuwa har nuna wa baƙi nake yi ina cewa albarkar taro ce. Allah ya yafe min zaton da na yi wa matar nan.

Alamu sun zo ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya fara jinkirin wucewa a kicin, bayi ya fara wani gurnani idan an ja ruwa, bayan an yi ruwan sama kuma wani ɗoyi ya riƙa tasowa daga baya. A nan ne na tafka babban kuskurena, domin ban gaya wa maigida ba. Kunya ta hana ni, kuma na san idan ya ji zai hana taro. Na sayi wani gari a kanti da aka ce yana narkar da komai, na riƙa zubawa. Duk ranar da zai dawo sai na cika gidan da turaren wuta, na rufe tagogin baya. Da ya tambaye ni ko na kira masu kwashewa kamar yadda ya bar min saƙo, na ce na kira sun ce babu komai. Ban kira kowa ba. Tsoro nake kada su zo su faɗi abin da na riga na sani.

Ranar Babbar Sallah asirina ya tonu. An kwana biyu ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, amma na riga na yi shela cewa a gidana za a yi suyar layya. Maza suka kawo nama daga gonar da aka yi yanka, mata muka zauna wankin kayan ciki da narkar da kitse. Motoci suka cika baya har wata ta kafe sai da aka tura ta. Ana shirin sallar la'asar wata baiwar Allah ta fito daga bayi tana riƙe da bakin zaninta, ta raɗa min cewa in je in gani. Baƙin ruwa ne yake ɓulɓulowa daga bahon wanka, ya malalo har kan kafet. A waje kuma, inda tayoyi suka yi rami, ƙazanta ta taso tana kwance a fili, ga yara suna guje-guje a kusa. Cikin ɗan lokaci kowa ya ja ɗansa ya kama hanya, aka bar ni da tukwanen nama. Maigida yana tsaye a ƙofar baya da sabuwar rigarsa ta Sallah, ya dube ni ya tambaye ni a hankali ko da gaske masu kwashewar sun zo. Na kasa ɗaga kai.

Na ɗauka gyara ne za a yi a wuce wurin. Mai gyaran da muka kira ya tona ya ce bututan sun farfashe, kitse ya toshe ragowar, ƙasar kuma ta daskare kamar daɓe. Ma'aikatan lafiya suka zo suka duba, suka ce tunda babban bututun gari ya riga ya iso bakin titinmu, ba za a ba mu izinin sake wani sokawe ba, dole mu haɗa da na gari, kuma ba a zama da ƙazanta a fili ana jira. Ashe haɗawar ba abin wasa ba ce. Akwai abin da hukuma za ta karɓa, akwai na masu haƙa rami daga gida har titi, akwai na kwashe tsohon tankin da cike shi, sannan da yake gidanmu yana gangare sai an sa injin da zai riƙa tura ruwan sama. Inshora suka ce ba ruwansu da abin da rashin kula ya jawo. Mai gyaran ya faɗa mana cewa da an kula da shi, da sokawen nan zai ƙara shekaru yana aiki ba wanda zai tilasta mana komai.

Ƴan uwa sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. Matan zango sun haɗa abin da suka iya, na sayar da ƴan kunnena da sarƙata, amma duk bai kai ko'ina ba. Abin da ya rage shi ne ajiyar tafiyar maigida. Na roƙe shi ya tafi, mu ma zauna a gidan wata ƙawata har Allah ya kawo mafita, ya ce ba zai bar iyalinsa a watse ya hau jirgi ba. Ina zaune a gefensa ya kira mahaifiyarsa ya ce mata wata matsala ta taso a gida, ta ƙara haƙuri zuwa baɗi. Bai ambaci sunana ba. Ta sa masa albarka, ta ce a gaishe ni, ta ji ana yabon yadda nake riƙe jama'a.

Ba ta kai baɗin ba. Zazzaɓi na ƴan kwanaki ya ɗauke ta, aka binne ta kafin ma ya dawo mana daga hanyar aikinsa. A falon nan namu ya zauna karɓar gaisuwa, masu zuwa suna faka motocinsu can nesa a bakin titi suna tsallake jar ƙasar ramin da aka cike. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo da abinci a rufe, ta riƙe hannuna, ba ta ce ai na gaya miki ba. Shi ma har yau bai taɓa cewa ni na jawo ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Wani lokaci nakan same shi a mota a ƙofar gida, bai shigo ba, yana sake sauraron tsofaffin saƙonninta.

Na san ajali ba ya jira, kuma ko ya je ba zai ƙara mata kwana ɗaya ba. Amma da ta shafa fuskar ɗanta, kuma ni na tsaya a tsakani. Karɓar baƙi ba laifi ba ne, har gobe ina karɓa daidai ƙarfin gidana. Laifina shi ne son yabo ya sa na toshe kunne, kunya kuma ta sa na yi wa mijina ƙarya a kan abin da kira ɗaya a waya zai iya tarewa.

Ƴan uwana da kuke sayen gidaje a wajen gari, nan ba zango ba ne, ruwan da kuka zubar yana nan a ƙarƙashin ƙafarku bai je ko'ina ba. Ku tambayi inda bututan suke, ku hana mota hawa wurin ko ta wace ce, ku zuba kitse a gwangwani ku kai shara, ku kira masu kwashewa kafin wari ya kira su. Idan ɗan gari ya ja muku kunne, ku saurara kafin ku ce ƙiyayya ce. Ke kuma ƴar uwa, duk abin da kika gani ya lalace a gida, faɗa wa mijinki ranar da kika gan shi. Ni na sa turare na rufe nawa, kuma wadda ta biya ba ta taɓa taka gidan ba. Wanda ya karanta wannan, ya yi wa surukata addu'a.