Gindin Ɗinya

“Mun iso Gindin Ɗinya,” in ji ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga tashar Kebbe.

Na sauka ina dube-dube. Babu ɗinya, babu ko kututturenta, sai rana da fili fetal. A nan Innata take sayar da fura muna yara, mu kuwa muna tsintar ’ya’yan ɗinya har bakinmu ya yi baƙi ƙirin.

A gefen filin wani matashi ya yi rumfar zana, yana renon dashen itatuwa na sayarwa cikin ledojin fiya-wata da yake tsintowa a kasuwa. Yawanci dogon yaro ne da mangwaro.

Na ce, “Samari, kana da ɗinya?”

Ya shiga can ƙuryar rumfar ya fito da guda ɗaya, ganyenta huɗu.

“Kawu, ba a sayenta, wai tana daɗewa ba ta girma ba. Daga Sanyinna na samo irin. Ni tun da na tashi sunan wurin ga kawai nika ji, ban taɓa ganin iccen ba. Don Allah, ina ta tsaya?”

Na taka na nuna masa wurin da tsohuwar ɗinyar ta tsaya. Nan muka haƙa rami muka dasa ta, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Na san ba zan zauna a inuwarta ba. Amma yanzu in an ce Gindin Ɗinya, ba a yi ƙarya ba.

Ku fa, wane icce ne ya tafi ya bar muku suna a garinku?