Kular da Ta Hau Gidan Gaba

A tashar motar Lugbe, wata siririyar mata tana rungume da ƙaramar kula. Rubutun hannun da ke kan murfin a miƙe yake tsaf, irin wanda Sistocin makarantar mishan ke koyarwa da rula a da.

"Madam, kawo kifin a sa a but," in ji kwandasta.

Ta yi dariya. "Kifin gidanku. Ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, muna gwada ko za su kai maganin ciwon daji cikin ƙwaƙwalwa. In suka ji zafi, aikin shekara biyu ya lalace."

Idanunta na ƙyalli, tana ta bayani da hannu ɗaya. Wataƙila ta taɓa jinyar wani nata.

Direba ya sauke buhun doyarsa daga gidan gaba, ya buɗe mata ƙofa.