Ranar da aka zo watsa majalisarmu a Takur

Jiya da la'asar muna majalisarmu a Takur, muna caccakar gwamnati kan famfon unguwa da ya ƙafe, sai ga wani jami'in tsaro. Ya ce mu watse ko mu kwana a ofishinsu. Ni har na fara laluben takalmina.

Baba Alhaji, dattijonmu, ko gezau bai yi ba.

"Yaro, tsarin mulki ya ba mu 'yancin taruwa da faɗin albarkacin bakinmu. Wace doka muka karya?"

Jami'in ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, Baba, mu ma unguwarmu babu ruwan."

Aka matsa masa a benci. Wallahi ya fi mu zafi.

Da an biye mini, da mun watse a banza. Ku fa, tsayawa za ku yi ko arcewa?