Wuta a Bakin Takobi

Ɗiyata ta biyu tana koyarwa a lise, babbar sakandare, a Maraɗi. Da ta zo hutu bana ta iske ni ƙarƙashin aduwa ina gyangyaɗi, sai ta dangwara mani talho, wayarta ta hannu, a hanci. Hoton wani ƙwallo ne ruwan ƙasa, da zobe kewaye da shi.

"Baba, mi ne ne wannan?"

Na ce, "Kabewa ce ta sa malfa."

Ta ce Zuhal ke nan, wata duniya da ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Zoben nan ƙura ce da ƙanƙara, kuma ƙurar tana ta zubowa kan samaniyar duniyar. Can sama iskar ba irin tamu ba ce, rana ta farfasa ta har ta ɗauki lantarki, falasma suke ce mata, ƙurar da ke yawo cikinta ita ma ɗauke take da shi. Ni da aka kora daga lakwal tun ban gama sanin baƙaƙe ba, na ce mata ta tsaya nan. Ƙura mai lantarki ba sai an je Zuhal ba. Ita ta ci mani haƙoran gaba da saman kunnen hagu.

Ni dillalin shanu ne a karar Dakoro. Akwai wani Buzu daga Tagriss da ya daɗe yana sauke mani dabbobinsa, dogo, ba ya dariya, ba ya rabuwa da takobi. Ni kuwa in na ga mai ɗaure fuska jikina har ƙaiƙayi yake. Kullum sai na nuna masa layar damtsena in ce ta kunama ce, wanda na taɓa da niyya zai ji harbi, kafin wata ya kama ya bushe kamar kara. Layar ciwon baya ce, ko bayan ma ba ta gyara ba.

Wata ranar kasuwa, farkon damina, bayan azahar muna loda shanunsa a kamiyo, sai gabas ta yi jawur. Kafin a ɗaure ƙofar motar hadarin ya iso. Rumfuna suka tashi sama. Kwanon rufi ya wuce mu yana juyi, ya tsarge cinyar wani jaki. Yashi yana dukan fuska kamar ana watsa allurai, shanu suna tunkuyin junansu cikin mota, ƙarfe yana kuka. Na ɗare gefen kamiyon na rungume ƙarfen, na ji gashin hannuna ya miƙe tsaye.

Buzun yana ƙasa, iska tana neman kwashe shi. Don Allah na miƙa hannu in jawo shi. Yatsana bai ma kai wuyansa ba sai ji na yi ƙas! Wata 'yar wuta ta yi tsalle daga hannuna ta shige shi. Ni kaina har gwiwar hannu na ji ta.

Ya dafe wuya ya dube ni.

"Ka harbe ni."

"Wallahi maigida ban..."

Ya fizgo ƙafata na faɗo ta baya. Gindin sandarsa ya sauka a bakina, na ji haƙora suna yawo kan harshena kamar tsakuwa cikin shinkafa. Na cije masa yatsa, ya buga kaina da tayar mota. Ya danne mani ƙirji da gwiwa har numfashi ya ƙi fita.

"Kwance abin da ka sa mani, ɗan banza!"

"Ƙarya ce hwa! Ta ciwon baya ce!"

Shekara da shekaru ina yi masa ƙarya yana yarda, ranar da na faɗi gaskiya ya zare takobi. Na kauce, saran farko ya ɗauke saman kunnena ya nutse cikin yashi. Jini ya cika mani ido. Ba wanda zai raba mu, kowa yana ta kansa, ko mai tsaye kusa ba ya ganinmu cikin jan duhun nan. Ya ɗaga takobin sama da hannu biyu, ni kuwa na fara kalmar shahada, bakina yana furzar da jini.

Saran bai sauko ba. Na buɗe ido ɗaya. A kan tsinin takobin wata wuta ce shuɗiya take rawa, tana tsaki kamar mai a kasko. Ƙahonin shanun da ke cikin mota su ma kowanne da tasa. Buzun ya ƙame yana kallo.

Ban san mi ce ce ba, amma na san ba a riƙe ƙarfe sama cikin hadari. Na yi ihu da sauran bakina, "Jefar, ko ta cinye mu duka!"

Ya wurgar. Ko tashi ba mu yi ba sama ta tsage. Aradu ta faɗa kan gawon da ke bakin kara, ta raba shi biyu, bijimin da aka ɗaure a gindinsa ya faɗi ƙafafu sama yana hayaƙi. Sannan ruwa ya ɓarke.

Buzun ne ya kwance rawaninsa, abin da ban taɓa ganin ya yi gaban mutane ba, ya naɗe mani kai, ya saɓa ni a kafaɗa har gidan likita. A hanya yana cewa, "Kada ka mutu ba ka kwance ba." Wata ya kama bai bushe ba, shi ke nan ya ce na kwance. Har yau yana kawo mani shanu, amma in na miƙa hannu kan sanda yake miƙo mani.

Da ɗiyata ta gama dariya ta ce yashi ne da ya goge juna da ƙarfe ya tara lantarki, wutar takobin kuma ita ce falasmar. Na ce ta kira mani Buzun a talho.

"Maigida, an wanke ni. An gano wata duniya can sama, ƙurarta duk irin ta ranar nan ce, ba layata ba ce."

Ina jin kukan raƙumi bayansa, sai ya tambaya.

"Akwai mutane a can?"

"An ce ko ƙasar takawa babu."

"To a kai ka can."