Sababbin Fitilu da Ragon Suna

Akwai abin da in mutum ya tuna sai ya yi murmushi, akwai kuma wanda in ya tuna sai ya waiga ya ga ko wani na kallonsa. Nawa irin na biyun ne. Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe jajibirin sunan 'yata ta fari ba, ranar da na sa wa motata sababbin ƙwayayen fitila.

Lokacin ina riƙe da kantin da mahaifina ya bar mini a kasuwar Gure da ya koma Damagaram, ina kuma da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da nake ɗauko kaya da ita. Motar ba ta da laifi sai fitilunta, jajaye, marasa ƙarfi. Matata 'yar wani ƙauye ce da ke cikin kwari a gefen Gidigir, kuma duk zuwan da na yi can, kakarta ba ta barina ko ruwa in sha. Tana ganina za ta ce, "Angona, jiya na hango wani ya taho da aci-balbal guda biyu, ashe kai ne." Mata su kwashe da dariya. Ni ma in yi, amma a ciki abin yana cina.

Surukina kuwa ba ya cikin masu dariya. Dattijo ne mai garkar dabino da albasa, maganarsa ba ta da yawa ko da Hausa ko da Barbarci. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma a jikina ina jin kallon ɗan birni mai son a gani yake yi mini. Abin haushin shi ne yana da gaskiya.

Da matata ta haihu a gidansu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, sai na ce dama ta samu. Na sayi rago fari ƙato, na sayi goro da dabino, sannan na sayi wasu ƙwayayen fitila da wani ɗan kasuwa ya kawo daga Najeriya, masu farin haske kamar walƙiya. Na kai wa bakaniken da ke yi mini gyara. Ya juya su a hannu, ya ce, "Maigida, waɗannan sun fi ƙarfin wayoyin motarka. Ka bar mini ita zuwa gobe in ja musu sabuwar waya."

Na ce, "Gobe kuma? Gobe da asuba ne sunan. Ka sa kawai."

Ya sa. Muna kunnawa, fizibil ya ƙone, wato ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa don kada ta ci mota. Ya sa wani, shi ma ya ƙone. Sai ya share hannunsa ya ce shi kam ya tsaya nan. Ni kuwa da na fi kowa wayo, na tsinci guntuwar wayar tagulla a ƙasa, na cusa ta a gurbin fizibil ɗin. Fitilu suka kama. Ya ce, "Ni dai ban gani ba." Na ce ai zai ji labari. Ya kuwa ji.

Ga inda nake jin kunyar faɗa. Tun azahar na gama shiri, kuma da na tashi lokacin, da sauran rana zan isa. Amma wa zai ga fitila da rana? Sai na yi ta jan jiki, na bar Gure bayan la'asar, na yi sallar magariba a Gidigir, na zauna wajen mai shayi ina ta hirar da ba ta da kai, ina jiran duhu ya kankama. Rago yana baya yana kuka, ni ina gaba ina duban sama.

Da na kunna fitilun a kan kwalta, wallahi sai da na ji kaina ya yi girma. Masu tahowa suna ta ƙifta mini nasu, wani mai babbar mota har ya leƙo yana ɗaga hannu. Na ɗauka jinjina ce. Sai daga baya na gane zagina yake yi.

Ina sauka daga kwalta na shiga rairayi, sai labari ya canza. Hasken ya tafi can sama yana duba kawunan itatuwa, ƙasa kuma ta zama fara fat, ba na bambance sawun mota da inda ba a taɓa bi ba. Ina cikin laluben hanya na ji warin roba. Na ce ko wani ke ƙona shara, a dajin da ko bukka babu. Sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, fitilun suka yi fari sau ɗaya, suka mutu.

Na yi tsalle na fita ina salati. Abin da ya fara zuwa mini shi ne kada rago ya ƙone, don haka na kwance shi na sauke, sannan na ruga na cire kan batir. Hayaƙi ya lafa. Na juyo in kama igiya, babu igiya, babu rago. Na haska da wayar hannuna gabas da yamma, na yi kira, har kukan tunkiya na gwada. Shiru. Na zauna a kan rairayi, na tuna liman da dattawa za su taru bayan asuba, a tambayi ragon suna, uban jaririya ya ce ya gudu. Ba zan ɓoye muku ba, hawaye ya zo mini.

Ban daɗe ba na hango wani ɗan haske yana tahowa daga gangaren tudu, ƙarami, ja, yana rawa. Da ya matso na ji sallama, sai na gane muryar. Da wani ne ma da sauƙi. Na tuɓe takalma na durƙusa.

Surukina ya ce, "Mun hango haskenka daga gida, har yara suna cewa hadari ne. Sai kuma ya ɗauke. Lahiya?"

Na ce, "Baba, ragon ne." Na nuna masa bayan motar, wayam.

Ya zagaya bayan mota, ya sunkuya, ya kwantar da 'yar tocilarsa dab da ƙasa, ta gefe. Nan take kowane ɗan rami a rairayin ya yi inuwa, sawun kofato ya fito ɓaro-ɓaro, ga kuma layin da igiya ta ja. Ni da na yi ta haska wurin daga tsaye ban ga komai ba. Ya ce, "Ka rage tsawo." Na bi shi a sunkuye har bayan wani tudu, muka tarar da ragon igiyarsa ta sarƙe a jikin ƙaya, yana tuƙa abinsa hankali kwance.

Da muka dawo na ciro wayar tagullar nan na jefar, na mai da kan batir, Allah ya taimake ni mota ta tashi, amma ba fitila ko ɗaya. Dattijon ya ce rago ba zai sake hawa ba. Ya riƙe igiya a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, ya ce, "Ka bi ni, na san inda ƙasa ke da tauri."

Haka muka shiga ƙauye: surukina a gaba da ƙafa, rago a bayansa, ni da motata a ƙarshe muna rarrafe. Mutane sun fito ƙofar gida bayan sallar isha'i, kowa ya gani. Kakar matata ta leƙo ta taga ta ce, "Angona, ina aci-balbal ɗin? Ko su ma ka sayar?"

Da safe aka yanka rago, aka raɗa suna lafiya. Da zan koma, surukina ya rako ni har mota, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini tocilar ya ce, "Ajiye ta a mota. Kuma daga sawu na gane ragon ka fara saukewa kafin ka ceci motar." Sai ya juya. Maganar nan ta fi mini duk abin da na so in ji daga bakin mutanen ƙauyen.

Bakanike ya kwana biyu yana jan sababbin wayoyi, yana aiki yana dariya, kuma na sa ya mai da mini ƙwayayen fitila irin na da. Yarinyar yanzu ta shiga lakwal, wato makarantar boko, dattijon kuma Allah ya yi masa rasuwa, amma tocilarsa tana nan cikin motata. Abin da na koya a ranar shi ne, na sayi haske don a gan ni, ba don in gani ba, shi ya sa bai nuna mini komai ba. Har yau in na ji kaina ya fara kumbura a kan wani sabon abu, sai in ji muryar dattijon nan yana cewa in rage tsawo.