Kazar da Ta Haɗiye Kyautar Jakada

A ɗakin kakata Hajiya, a Gwale, akwai wani ɗan akwatin azurfa wanda bai wuce tafin hannu ba, an jera wa murfinsa duwatsu ja da shuɗi. Da ƙuruciyarsa, kakanmu ya yi wa wani jakadan ƙasar Larabawa tafinta. Ranar da baƙon zai koma, bayan ya raba wa manya kyaututtukansu, sai ya zaro wannan ya ba shi. Da kakan ya rasu, Hajiya ta mayar da shi mazubin turaren wuta.

Duk Juma'a takan fito da shi tsakar gida ta goge da toka da lemon tsami. Wata rana tana cikin guga, jan dutsen tsakiya ya ɓalle ya gangara ƙasa. Kafin ta miƙa hannu, kazarta, wata wake-wake mai shegen kwaɗayi, ta yi wuf ta haɗiye.

Kawuna ya fito da wuƙa.

"Hajiya, aƙiƙ ne fa, dutse mai tsada! Bari a yanka ta."

"Mayar da wuƙarka, kwanci za ta shiga," in ji ta. "Mai akwatin ma ya tafi ya bar shi."

Aka kife kazar da kwando. Ni da ƙanwata muka wuni da tsinke muna tonon kashinta, muna toshe hanci muna dariya. Dutse ya ƙi fita. Da Hajiya ta gaji, ta sa aka sake ta.

Labari ya zaga unguwa. Kaza ta sami suna Mai Dukiya. In ta fita lungu da 'yan tsakinta, ba mai jifanta, har masu baro kauce mata suke yi.

Sai da ta tsufa ta daina ƙwai sannan Hajiya ta yarda a yanka ta. Da hannunta ta tsaga ƙundun, muka yi mata rumfa. Ga dutsen nan cikin tsakuwa, ya siɗe ya koma kamar ƙwayar dawa, ya yi wa gurbinsa kaɗan. Ta wanke shi, ta daɗe tana kallonsa, ta ƙulle a bakin zanenta.

A ranar nan, da miyar kaza muka ci tuwo. Naman ya yi tauri kamar ƙirgi. Kawu ya yi ta mita, amma shi ya cinye cinya biyu.