Ranar da Mati Ya Kwance Hannu

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Mati makwancinsa a Kurni, kuma har yau in na ji kalangu daga nesa shi nake fara tunawa. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, tunawar ba ta alheri zalla ba ce. Mati taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare muka tashi a sana'ar fawa, shi a Kurni ni a nan Matameye, tare kuma muka koyi dambe. Na so shi fiye da waɗanda muka fito ciki ɗaya da su. Amma na yi fiye da rabin rayuwata ina zarginsa da cewa shi ya miƙa ni hannun Nasara, kuma ya mutu bai wanke kansa ba, ni ma ban wanke shi ba.

Abin da ya fama mini tsohon mikin shi ne abin da ya faru a Kance watan jiya. Wani matashin ɗan dambe ya ɗaga hannu ana tsakiyar turmi na biyu, ya ce shi ya bari. Ba a kai shi ƙasa ba, bai karye ba, kawai ya fita. Gari ya ɗauka, har a rediyo na ji ana musu, waɗansu na cewa ragonci ne tsantsa, waɗansu na cewa rai ya fi suna. Samari suka yi ta zuwa rumfata don su ji ta bakina, wai ni ne tsohon da ya taɓa korar Mati daga fage. Ni kuwa ban ce musu daidai ne ko ba daidai ba. Tambayarsu na yi, su wa da wa ke zaune a gefen fage ranar? Suka dubi juna, suka ce tsufa ya fara taɓa Baba Idi. Na san ni tsoho ne mai zargi, amma ba haka aka haife ni ba.

Lokacin da nake magana, Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Sun fara da neman gero da dabbobi, daga baya suka koma neman mutane. Da kaka ta yi sai a ga gardi, wato dogaran Nasara, sun iso da tafinta, an zo ɗiban soja. Samari suka koyi dabaru iri-iri. Wani ya ƙirƙiro ɗingishi, wani ya kwana a daji, wani ya tsallaka wajen dangi a Daura sai ƙura ta lafa. Kowa na ɓoye ƙarfinsa, in ban da mu 'yan dambe, da muke fitowa fili mu tuɓe riga mu nuna wa duniya abin da Allah ya ba mu.

Ga wanda bai san damben wancan zamani ba, hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle, a bi shi da zare a ɗaure tamau har ya zama kamar kan taɓarya. Turmi uku ake yi. In gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan. Kisa ba abin kunya ba ne, babu ɗan damben kirki da ba a taɓa kashewa ba. Ka tashi, ka karkaɗe jiki, makaɗa su ci gaba da kaɗa takenka, baɗi ka dawo. Amma mutum ya juya baya ya fita da ƙafarsa ana cikin faɗa, wannan ko suna ba mu da shi, domin ba mu taɓa gani ba. Akwai kuma abin da ba a yi: ba a haɗa 'yan'uwa na jini.

Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, an gama shigar da gero. Dattijon da ke haɗa dambe ya kira ni ya kira Mati, ya ce mu za mu kara. Mahaifina ya yi magana, aka ce masa akwai baƙi, kuma baƙin sun ce gwanaye biyu suke so su gani. Baƙin suna nan gindin tsamiya a kan tabarma, tafinta da gardi biyu masu jar dara. A turmin farko Mati ya ba ni wani naushi a saman idon hagu, fata ta tsage, jini ya sauko. In faɗi gaskiya tun da yau ba ya nan ya yi mini dariya, Mati ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. A turmi na biyu ya sake samuna, na yi tangal-tangal, da ƙyar na riƙe ƙafafuna. Ya ɗaga hannu zai gama da ni, sai ya tsaya. Ya waiga wajen tsamiya. Daga nan ya kai bakin zaren ga haƙorinsa, ya ja sau ɗaya, naɗin ya warware ya zube ƙasa. Ya ratsa ta tsakiyar makaɗa ya fita. Kalangu ya yi shiru, kuma ban taɓa jin fagen dambe ya yi tsit irin na ranar ba.

Mutanen Matameye suka ɗaga ni sama, mata na guɗa, aka yi mini kirarin da ban cancanta ba. Washegari da hantsi gardi biyun nan suna ƙofar gidanmu. Tafinta ya gaida mahaifina da ladabi, ya ce kumandan, wato babban Nasaran da ke mulkin ƙasar, na son wanda ya yi nasara jiya. Shekara huɗu na yi a soja. An kai mu Damagaram, daga nan aka nausa da mu arewa, can bayan Agadas, inda ruwan sha ya fi nama daraja. Can na bar yatsun ƙafata biyu, can kuma wani sajan ya koya mini rubutun bokon da nake muku wannan da shi. A shekara ta biyu mahaifina ya rasu. Labarin bai iske ni ba sai bayan wata bakwai.

Shekara huɗun nan ba abin da na fi juyawa a raina irin zaren nan. Duk wanda ya taɓa naɗa hannu ya san ba ya kwantuwa da ja ɗaya. Sai an zauna, wani ya riƙe maka hannu, wani ya bi ƙulli ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma sai an sa wuƙa. Na Mati ya warware kamar ɗaurin akuya a kasuwa. Wato tun kafin ya shigo fage an yi ƙullin don a kwance shi. Sai na tuna kuma an ce da safen ranar an gan shi ya kai nama masaukin baƙin. Me ya ji a can? Me ya sa ya waiga wajen tsamiya? Na haɗa wannan da wancan, na yanke masa hukunci ni kaɗai a cikin rairayi: Mati ya san wanda ya ci shi za a ɗauka, shi ya sa ya bar mini ci.

Da na dawo na tarar shi ya nome gonarmu damina huɗu. Shi ya yi jinyar mahaifina, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Mahaifiyata ba ta gama magana uku ba tare da ta sa masa albarka ba. Na tarar kuma ya sha wuya irin tasa. Makaɗa sun jefar da takensa, 'yan mata sun sa shi a waƙa, yara na binsa a kasuwa suna kiransa Kwance-hannu, sunan da ya bi shi har furfura. Bai sake naɗa hannu ba har ya mutu. Wani zai ce wannan ya isa ya sanyaya mini rai. Bai isa ba. Kowane alheri ya yi mini sai in ce a raina, ai dole ya yi, mai laifi ne ke lallashi. Ko ƙafar saniya ya aiko wa iyalina da salla, sai na tsaya ina tunanin me yake nufi da ita.

Sau uku na tambaye shi a tsawon zamanmu. Matsalar tambayar taubashi ita ce al'ada ta ba shi izinin mayar da kowace magana wasa, kuma ba ka da ikon yin fushi. Karon farko ya ce fitsari ne ya matse shi. Karo na biyu, bayan shekaru, ya ce ya duba fuskata ne ya ga Allah ya riga ya gama da ita, ba sai ya ƙara ba. Karo na uku yana kwance, ciwon da ya tafi da shi ya ci ƙarfinsa, na zauna a bakin tabarmarsa na ce, "Mati, don girman Allah, ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya ce, "Kai Idi, ba ka da godiya. Nasara sun ciyar da kai shekara huɗu, sun ba ka wando, ko sannu ba ka ce mini ba."

Na ce, "Ba wasa nake ba."

Sai ya ce, "Da jini ya rufe maka ido, fuskar inna na gani. Ka san kai ka ɗauko ta."

Gaskiya ne, duk dangi sun san na fi 'ya'yanta kama da ita. Na so in yarda, wallahi na so. Amma ina fita daga ɗakin zuciyata ta ce mini, jinin a fage ya zuba, ƙullin kuwa tun a gida aka yi shi. Bayan kwana tara ya rasu.

Nakan tambayi kaina me Mati zai ce da ya ga damben yau. Yanzu akwai alƙali mai usur, akwai igiyar da ta raba 'yan kallo da fage, har mai magani ake ajiyewa a gefe. Ina jin da zai yi dariya ya ce an mayar da dambe lakwal, wato makarantar boko. Yaron Kance kuwa, na tabbata ba zai zage shi ba, ba kuma zai yabe shi ba. Zai ce masa ya je ya ci tuwonsa, masu waƙa za su gaji nan da shekara talatin. Samarin da ke cewa fita daga fage ragonci ne ba su taɓa ganin mutumin da ya zauna a kasuwa ɗaya shekara da shekaru ana nuna shi da baki ba. Ni na gani, kuma ban san ko zan iya ɗaukar abin da ya ɗauka ba.

Na ce ban sani ba, amma wannan ma ƙarya ce, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa mahaifiyata ba, ban faɗa wa matata ba, ban faɗa wa Mati ba. Da safen ranar damben, matar da ke dafa wa baƙin abinci ta zo rumfata sayen hanta. Tana karɓa ta rage murya ta ce, "Idi, kar ka cika nuna ƙarfi yau. Mutum ɗaya ya rage musu, kuma wanda ya yi kisa za su ɗauka." Na ji ta sarai. Tsakanin hantsi da la'asar na haɗu da Mati sau biyu, mun sha fura a ƙwarya ɗaya, ban ce masa komai ba. Na sa aka ɗaure mini hannu tamau don kada kowa ya gane. Shirina shi ne in daure har turmi na uku, in ya kawo naushi in sa gwiwa ƙasa. A ce an kashe Idi bayan ya yi ta maza, makaɗa su ci gaba da kaɗa takena, a ɗaga Mati sama, washegari gardi su je Kurni. Tangal-tangal ɗin da na yi a turmi na biyu, da na faɗi a lokacin da na tsira. Na riƙe kaina ne don faɗuwar ta yi kyau a idon jama'a.

To ga amsata ga samarin da suka zo rumfata. In Mati bai sani ba, tausayina ya ji, ni kuma na saka masa da zargin shekara da shekaru. In kuwa ya sani, abin da na shirya yi masa shi ya yi mini, sai dai ya riga ni da turmi ɗaya. Bambancinmu shi ne ya kwance hannunsa a bainar jama'a ya biya da sunansa, ni kuwa na so in tsira da raina da sunana gaba ɗaya, in bar shi da kirari da jar dara. Ban ce fita daga fage abin yabo ba ne. Amma na san akwai abin da ya fi shi muni, kuma da a ce na samu yi, da har yau ana yi mini kirari a kansa.

Abin da ya rage na Mati ba shi da yawa. Jikokinsa na fawa a Kurni, gonarmu da ya nome tana nan, sunan da yara suka laƙaba masa ya mutu tare da masu kiransa. Allah ya yafe masa abin da na sani da wanda nake zato, ya yafe mini abin da na ɓoye. Sau uku na tsare shi ina tambayarsa ko ya sani. Shi ko sau ɗaya bai taɓa tambayata ba. Matar nan mai sayen hanta ba rumfata kaɗai ta tsaya ba ranar, kuma yanzu da na tsufa na fara zargin cewa har shirin nawa ma Mati ya sani.